Rowar Yayana Ta Yi Mana Rana

Yau da sassafe muryar mijina ce ta tashe ni, daga can ƙololuwar bishiyar kwakwa. A duk faɗin tsibirin Nonouti babu mai mummunar murya kamar mijin nan nawa Baraniko, kuma babu mai son waƙa kamarsa. Kowane namiji a nan in ya hau yankan karewe, ruwan zaƙin nan da ke ɗiga daga furen kwakwa, waƙa yake yi, amma na kowa ana iya saurara. Shi kuwa in ya ɓarke, har aladun bayan gida sukan bar ci su ɗaga kai. Tun muna amarci nake roƙonsa ya rufa mana asiri. Yau kam ina kwance a kan tabarma na ji shi yana kashe waƙar coci kamar yadda ya saba, sai na ji daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ban ji muryar nan ba, kuma akwai lokacin da na fitar da rai zan sake jin ta.

Abin ya faro ne daga kamun kifi. Ya fita bayan duwatsun teku a kwalekwale, ruwan sama ya yi masa dukan tsiya, ya dawo yana tari. Na ce a je wurin nas, ya ce tarin taba ne. Sai da zazzaɓi ya kwantar da shi, haƙarƙarinsa na dama ya riƙe har ba ya iya jan numfashi sai ya dafe wurin, sannan ya yarda aka ɗora shi a motar coci zuwa ɗan asibitin da ke ƙauyen gaba.

Nei Meere, wato Malama Meere, nas ɗinmu, yarinya ce ƙarama amma bakinta ba ƙarami ba ne. Ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta ce nimoniya ce, ta kama huhun dama. Ta ƙirgo kafso masu ja da ɗorawa ta zuba a 'yar leda.

"Baba, safe da rana da yamma. Ka ji ni? Ba da daɗewa ba za ka ji kamar ka warke. Ƙarya jikinka yake yi maka. Ko ka ji za ka iya kokawa da samari, sai ka shanye su tas."

"Na ji, 'yata," in ji shi, yana gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

Maganin kuwa ya yi aiki. Kafin a je ko'ina zazzaɓin ya sauka, ya fara neman kifi da shinkafa, ya koma hawa bishiyarsa. Da ya yi shiru da bakinsa da shi ke nan. Amma Baraniko ba ya iya samun abin arziki ya ɓoye. Ya zauna a rumfar ƙofar gida, duk wanda ya wuce sai ya tare shi da labarin maganin nan mai ja da ɗorawa wanda ya ɗaga shi daga bakin kabari. Lokacin kuwa rabin ƙauyen tari yake yi.

A nan muna da wata al'ada da ake kira bubuti. Mutum ya zo ya durƙusa a gabanka ya ce, "I bubuti," wato "ina roƙo," ya ambaci abin da yake so, to magana ta ƙare. Ko rigar jikinka ce, cirewa za ka yi. Gobe kai ma za ka je ƙofarsa, shi ma ba zai hana ka ba. Da haka muke rayuwa a kan wannan ɗan zirin ƙasa, kuma ban taɓa ganin aibunsa ba sai a wannan karon. Wanda ya ƙi bubuti, sunansa ya ɓaci, har jikokinsa sai an yi musu gori. Mijina kuwa ba ma jiran a gama faɗa yake yi ba. Ya taɓa ba da ragar kamun kifinsa ana tsakiyar kakar kifi, muka koma sayen na gwangwani.

Ni ina ramin da muke shuka babai, wato irin gwazarmu, ina duba ta, ko ina wurin saƙar tabarma da matan coci, ashe rabo ake yi a gidana. Matar mai wa'azi ta karɓi nata na tari. Wani saurayi da dutsen murjani na teku ya yanke a ƙafa ya karɓi nasa. Wata tsohuwa ta karɓar wa mijinta. In na dawo na tambaye shi ko ya sha magani, sai ya ce, "An sha," kuma a ganinsa bai yi ƙarya ba.

Wata safiya na farka ban ji waƙa ba. Na fita na same shi zaune a gindin bishiyar, wuƙar yankan karewe a ƙasa, kwalaben tara ruwan ko ɗaya bai hau da su ba. Jikinsa zafi rau, leɓɓansa sun yi duhu, yana jan numfashi guntu-guntu. Na aika aka kira Nei Meere, ta zo a kekenta tana haki.

Ta gama sauraron ƙirjinsa, fuskarta ta canja. "Ina ragowar maganin, Baba?"

"Ya ƙare."

"Ya ƙare? Ai da saura lokaci. Haɗiye su ka yi gaba ɗaya?"

Ya kau da kai yana kallon rufin rumfa. "Jama'a na tari, 'yata. Ni kuma na ji sauƙi."

Ban taɓa ganin yarinyar nan ta yi fushi irin na ranar ba. Ta ajiye jakarta ta zauna dirshan a kan tsakuwa.

"Baba, ka san abin da ka yi? Ciyawa ka sare ka bar saiwar. Cutar ba ta mutu ba, kwanciya ta yi, yanzu ta tashi ta kama har huhun hagu. Su kuma waɗanda ka ba ɗaya-ɗaya, babu abin da ya yi musu. Ba ka warkar da kowa ba, kanka kawai ka cuta."

"To ya zan yi? Mutum ya ce I bubuti, in ce masa me?"

Ita ma 'yar tsibirin nan ce, ta san nauyin bubuti. Ta yi masa allura, ta ciro wani kwali na farin magani mai ƙarfi ta ɗaga shi sama don mu gani da kyau. Ta ce irinsa na manya shi ke nan ya rage mata sai jirgin ruwa ya kawo kaya, jirgin kuwa Allah kaɗai ya san ranar zuwansa. In wannan ya salwanta, ko ya sha rabi ya bari, ba ta da abin da za ta ƙara yi masa sai dai ta nema masa kujera a jirgin sama zuwa babban asibiti a Tarawa, babban birninmu.

"Ba ni zuwa Tarawa," in ji Baraniko. Da ƙyar maganar ta fito, amma ta fito. Ƙanensa ya tafi can jinya shekarun baya, a can aka binne shi, ko kabarinsa ba mu taɓa gani ba. Na san mijina. In ya ce ba ya zuwa, a tabarmar nan zai mutu yana murmushi.

Nei Meere ta miƙo mini kwalin. "Inna Terenga, ke za ki riƙe."

Na karɓa, amma hankalina bai kwanta ba. Ita ba za ta iya zuwa sau uku kullum ba, ƙauyuka da yawa ne a wuyanta. Ni kuma fa? A nan aka haife ni. In wata ta zo ta durƙusa mini da ɗanta yana tari, da wane bakin zan ce a'a? Ko na iya, shi yana kwance yana ji, zai ɗaga murya ya ce, "Terenga, ba ta mana." Kafin la'asar ma na hango matar mai wa'azi tana tahowa da 'yar ƙwaryar kifi, wai gaida mara lafiya. Na cusa kwalin a cikin zanena na fice ta bayan gida, na nufi gidan yayana Taomati.

Taomati uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ban san inda ya samo halinsa ba. Yara Ƙaguwa suke kiransa, domin in ya damƙe abu ba ya saki. Bai taɓa cewa a'a ga bubuti ba, ya fi ƙarfin haka wayo. Tun kana nesa zai hango ka, kafin ka durƙusa ya fara kukan babu: gishiri ya ƙare, alade ba shi da lafiya, baya na ciwo. In ka dage za ka buɗe baki, sai ya riga ka, ya ce I bubuti a ba shi ashana. Yana da babur da ɗansa mai aikin jirgin ruwa ya aiko masa, ya lulluɓe shi da tabarma a cikin ɗaki kamar amarya. Jarkar fetur kuwa a ƙarƙashin makwancinsa take, ban taɓa jin wanda ya shaƙi ƙanshinta ba. Shi da Baraniko tun suna samari suke tsokanar juna, ɗaya na cewa almubazzari, ɗaya na cewa marowaci.

Yana hango ni ya fara. "Ƙanwata, kin zo a mugun lokaci. Sukari ya ƙare tun..."

"Yaya, ajiye wannan waƙar, ba sukari ya kawo ni ba."

Ina zama idona ya faɗa kan wata kwalba a kan katakon rufi. A cikinta, ga kafso nan masu ja da ɗorawa, a zaune lafiya lau.

"Yaya, mene ne wancan?"

"Wanne? Au, wannan. Mijinki ne ya ba ni."

"Tari kake yi?"

"Ba na yi yanzu. Amma wa ya san gobe?"

Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana suna zafi. Na ce masa mijina yana can kwance numfashi na neman gagararsa, kuma wani ɓangare na ransa ne yake zaune a cikin kwalbar nan yana jiran tarin da bai zo ba. Na faɗa masa maganganu, wasu ma ba zan maimaita su ba. Ya sauko da kwalbar yana jujjuya ta a hannu. Ya ce bai sani ba, Baraniko ya ce masa ya warke.

Sai na gyara zama, na durƙusa sosai. "Yaya, I bubuti."

Ya zabura ya kalli ƙofar ɗakin da babur yake.

"Kwantar da hankalinka, ba babur ba ne. Rowarka nake roƙo."

Na fitar da kwalin na yi masa bayani. Zai zo gidanmu a gaban mutane ya yi wa Baraniko bubutin maganin gaba ɗaya. Baraniko ba zai iya hana shi ba. Daga nan magani ya zama na Taomati, shi zai riƙa kawowa ɗaya-ɗaya, safe da rana da yamma, ya tsaya sai an haɗiye. Duk wanda ya zo roƙo, mijina zai ce da gaskiyarsa ba shi da ko ɗaya, Taomati ya karɓe. Gidanmu bai hana kowa ba, ba a ji kunya ba.

Da ya yi magana, muryarsa ta yi sanyi.

"Wato kunyar a kaina za ta sauka."

"Ai ka saba, Yaya."

"Na saba," in ji shi. "Duk abin da nake da shi a gidan nan, baƙin sunana kika zo aro."

Na ji tausayinsa ya kama ni, domin ban taɓa sanin abin yana yi masa ciwo ba. Amma ban janye ba, ran mijina ne a kan layi. Ya tashi ya ɗaura zanensa mai kyau na zuwa coci, ya ce in wuce gaba in mayar da kwalin kusa da mara lafiya.

Ya iso gidanmu ana cike da 'yan dubiya, matar mai wa'azi har ta gyara murya za ta fara. Taomati ya ratsa su ya durƙusa a gefen tabarmar.

"Suruki, I bubuti. Kwalin maganin nan nake so. Duka."

Baraniko ya buɗe ido da ƙyar. "Kai Ƙaguwa, har maganin mara lafiya?"

"Za ka ba ni ko za ka hana ni a gaban jama'a?"

"Ni na taɓa hana wani? Ɗauka, Allah ya shirye ka."

Taomati ya ɗauka ya ɓalle ƙwaya ɗaya. "To yanzu nawa ne. Ga ɗaya na ba ka rance. Buɗe baki."

"Rance kuma?"

"Buɗe baki na ce. Terenga, kawo ruwa. Ɗaga harshe in gani. Na san halinka, za ka iya ɓoye ta a kumatu ka ba wani in na tafi."

Baraniko ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Amma ya haɗiye.

Haka aka ci gaba. Safe da rana da yamma sai ga Taomati a ƙasa, a cikin ranar nan mai ƙuna, domin ba zai ƙona fetur ba. Kwalin yana ɗaure a ƙugunsa, ko wanka zai yi da shi yake zuwa bakin rijiya. Masu roƙo suka zo, Baraniko ya buɗe musu hannu ya ce su je wurin surukinsa. Babu wanda ya ɓata ƙafarsa. Sai dai maganganu sun yi yawo. A maneaba, babbar rumfar taron ƙauye, na ji da kunnena wata tana cewa Ƙaguwa ya kai matuƙa, ya ƙwace maganin mai jinya yana ba shi kamar sadaka. Ranar Lahadi babu wanda ya zauna kusa da shi a coci. Ana tashi kuwa ya zo ya ce wa mijina ya buɗe baki.

Sannu a hankali zazzaɓin ya sauka. Baraniko ya fara zama, ya fara shan romon kifi, ya fara kallon bishiyarsa. Sai tsohon zancen ya dawo.

"Ni fa na warke. Wannan ragowar ɓarna ce kawai."

"Haka ka ce wancan karon," in ji Taomati. "Buɗe baki."

Gwajin gaske ya zo ne wata rana da tsakar rana, saura kusan rabin kwalin. Taomati ya iso ke nan da ƙwayar rana, akwai maƙwabta biyu-uku a rumfar suna shan karewe da ruwa, sai ga Nei Akoia ta shigo da gudu da jaririnta a kafaɗa. Akoia 'yar ƙanen Baraniko ce, wanda aka binne a Tarawa. A hannunmu ta girma, mijina ya fi son ta a kan 'ya'yan cikinsa, kowa ya sani. Mijinta ya fita teku tun asuba. Yaron yana numfashi da sauri-sauri, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, ya ƙi kama nono.

Ta zube a gaban tabarmar. "Baffa, I bubuti. Maganin nan da ya tashe ka. Ko rabin ƙwaya ne in daka masa in ɗura. Motar coci ta tafi kudu, ba zan iya kai shi asibiti a ƙasa ba."

Na ga fuskar mijina ta narke. Ya juya ga Taomati. "Ba ta."

"Nawa ne, ka manta?"

"Taomati, ba wasa nake yi ba. Jikan ƙanena ne. Ni tsoho ne, na ci zamanina."

Taomati bai motsa ba. Sai Baraniko ya yi abin da ban zata ba. Ya sauko daga tabarmar da jikin nan nasa da ya rame, ya durƙusa a gaban yayana a kan tsakuwa.

"Suruki, I bubuti. Ba ta maganin."

Kowa ya ajiye kofinsa. Na jira Taomati ya fara kukan babu, ya kawo zancen gishiri ko ciwon baya, ya zille kamar yadda ya saba. Bai yi ba. Ya dubi Baraniko ido cikin ido.

"A'a."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin an mayar wa bubuti wannan kalmar tsirara ba. Wani dattijo a cikin maƙwabtan ya ce, "Kai!" Akoia ta fashe da kuka. Taomati ya ɓalle ƙwayar rana ya danƙa mini a tafin hannu, ya ƙulle kwalin a ƙugunsa, ya juya ya fita da sauri ba tare da ya kalli kowa ba. Na ce a raina shi ke nan, na kashe zumunci da hannuna.

Na miƙa wa Baraniko ƙwayar. Ya ture hannuna. Ya ce ba zai sa komai a bakinsa ba alhali yaron nan yana fama a gabansa. A nan ne haƙurina ya ƙare, na kira shi da sunan ɗanmu.

"Baban Rimon, saurara. Ka ba da raga na yi shiru. Ka ba da fitila, ka ba da tukunyar uwata, na yi shiru. Yanzu ranka kake rabawa ƙwaya-ƙwaya, kuma kowa za ka faranta wa sai ni. Su za su zo makoki su ci aladen su tafi, suna cewa Allah sarki, mutumin kirki ne. Ni za a bari a rumfar nan ni kaɗai. Ka taɓa tunanin haka?"

Bai taɓa jin na yi masa magana irin wannan a gaban mutane ba. Ya buɗe baki zai amsa, sai muka ji wata ƙara daga hanya, ƙarar da ƙauyen nan ya kusa mantawa da ita. Babur ne. Taomati ya tsaya a ƙofar gida, hayaƙi na tashi, ganyen tabarma har yanzu maƙale a madubin.

"Akoia, hau! Rungume shi da kyau. Ki bar kukan nan, nas za ta gan shi yanzu."

Ta hau, suka bar mu da ƙura da warin fetur. Dattijon nan ya bi su da kallo baki buɗe. Ya ce, "Ashe yana tashi."

Baraniko ya daɗe yana kallon hanyar. Sannan ya miƙo hannu. "Kawo," in ji shi. Ya haɗiye, ya ɗaga mini harshe ba tare da na tambaya ba.

Da yamma suka dawo. Nei Meere ta ba yaron nasa maganin, na ruwa irin na jarirai, wanda dama tana da shi, ta auna daidai nauyinsa. Ta ce gwamma da ba a daka masa na manya ba, kuma gwamma da aka kawo shi da wuri. Ta ja wa Akoia kunne cewa sai kwalbar ta ƙare ko da yaron ya fara wasa. Akoia ta ce ai ta ga abin da ya samu Baffa, ba sai an faɗa mata sau biyu ba. Taomati ya yi ta kai su yana dawo da su har yaron ya miƙe, yana mita a kan fetur kowace tafiya, amma bai fasa ba. Bayan ya sauke su sai ya biyo ta wurinmu da ƙwayar yamma.

Ranar da aka ɓalle ƙwayar ƙarshe, Nei Meere ta zo ta saurari ƙirjin mijina gaba da baya, ta sa ya ja numfashi ya sake ja. Ni ina tsaye na riƙe ginshiƙin rumfa. Ta cire abin sauraron daga kunnenta ta yi murmushi.

"Baba, huhunka ya washe. Babu zancen Tarawa."

Na zauna a inda nake. Wani irin sanyi ya sauko mini tun daga ka har ƙafa. Baraniko ya ce ai dama ya faɗa mana ya warke tun tuni, ni da ita da Taomati muka haɗu muka yi masa ca. Kafin ta tafi ta karɓe kafson kwalbar Taomati da ta sa ya kawo, ta ce ajiyar irinsu ba ta da amfani sai cutarwa. Ya miƙa mata, amma sai da ya riƙe kwalbar. Ta ce wa mijina ya ɗan ƙara hutawa kafin ya koma hawa bishiya, kuma abin mamaki ya ji magana.

Sai yau da safe ya hau. Da na share hawayena na fito, na tarar da Taomati zaune a gindin bishiyar. Babu magani, babu abin da ya kawo shi, ƙafarsa ce ta saba da hanyar. Yana kallon sama inda surukinsa yake ɓarkewa da waƙa, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ɗaya hannun kuma yana goge ido da gefen zane, wai ƙura ce ta shiga.

"Ƙanwata," in ji shi, "da na san abin da nake ceto ke nan, da na sake tunani. I bubuti, ki ce masa ya yi shiru."

Na zauna kusa da shi na miƙe ƙafa.

"A'a, Yaya," na ce.